An ce in gwada rayuwata da ta Rizal, sai na raina kaina

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kano ne, shekarata 26, ina karatun sharar fagen likitanci a birnin Cebu na ƙasar Filifins. A nan kowane ɗalibin jami'a sai ya ɗauki darasi a kan gwarzonsu José Rizal, kuma malamarmu ta ba mu aiki mu gwada aƙidarmu da rayuwarmu da nasa. Kwana da kwanaki na kasa rubuta ko layi ɗaya. Mutumin nan yana da shekara 23 ya samu shaidar likitanci, yana 25 ya fitar da littafin da ya girgiza Sifaniyawa masu mulkin mallaka, yana 35 ya ba da ransa. Ni kuwa shekaruna sun tafi a neman gurbi da yajin aiki, har yau yayana ke ɗauke da ni daga shagonsa na Kantin Kwari. Abin da ya fi ci mini rai, Yaya na jiran in gama in dawo gida in yi aiki, ni kuma a zuciyata Ingila nake so in wuce, kuma ban gaya masa ba. Rizal ya koma gida yana sane za a iya kashe shi, ni ina shirin guduwa. Sannan ina jin ƙaunar mutumin nan a raina, alhali ba Musulmi ba ne, an ce ma ɗan ƙungiyar asiri ta Mason ne. Imanina ne ya yi rauni? Me zan rubuta?"

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya saka wa yayanka da mafificin alheri.

Tambayoyi uku ka cure wuri guda, kuma wadda ka cusa a tsakiya ka wuce ta da sauri, wato maganar yayanka, ita ce mai nauyi. Za mu zo kanta. Bari mu fara da mutumin da ya hana ka barci.

Darasin da kake ɗauka doka ce ta kafa shi, doka mai lamba 1425 ta shekarar 1956, wadda Cocin Katolika ya yaƙa iya ƙarfinsa kafin ta wuce. Manufarta a dasa kishin ƙasa a zukatan matasa, kuma wannan ba laifi ba ne. Sai dai duk mutumin da aka buga fuskarsa a sulallan feso ɗaya, kuɗin ƙasar, aka kafa gunkinsa a dandalin kusan kowane gari, aka ware ranar 30 ga Disamba hutu dominsa, to labarinsa kan iso kunnen ɗalibi a goge tas, an cire yunwa da bashi da shakka. Da wannan gogaggen Rizal ɗin kake auna kanka, shi ya sa alƙalaminka ya ƙi motsi.

Ka duba inda ya taso. An haife shi ranar 19 ga Yuni, 1861, a Calamba, na bakwai cikin 'ya'ya goma sha ɗaya, a gidan masu hali: gini na dutse, ga ɗakin littattafai a cikin gida, a zamanin da yawancin mutanen ƙasar ba su iya karatu ba. Mahaifiyarsa, Teodora Alonso, mace ce mai ilimi, ita ta fara koya masa karatu. Yana ɗan shekara 11 ya shiga makarantar Ateneo a Manila, kuma babu wanda ya rufe masa aji wata da watanni. Idan ka jera shekarunka da nasa ka manta da wannan, ka zalunci kanka. Shekarun da ka rasa ba lalaci ya cinye su ba, kuma wanda ya sake ɗaukar jaka yana da shekara ashirin da 'yan kai ya tsallaka duniya don ya fara daga farko ba rago ba ne.

Sannan karatun nasa bai tafi sumul kamar yadda kake zato ba. Ya bar jami'ar Santo Tomas bai kammala ba. A Madrid ya samu lasisin likitanci a 1884, amma babban digirin da ke gaba da shi bai taɓa karɓa ba, domin bai miƙa kundinsa ba kuma bai biya kuɗin ba. A Berlin, cikin sanyin ƙarshen 1886, kuɗin gida sun ƙi zuwa, cin abinci ya koma sau ɗaya a rana, tari ya kama shi har ya ɗauka tarin fuka ne. Littafin nan da kake magana, Noli Me Tangere, yana kwance a rubuce babu kuɗin bugawa, sai da abokinsa Máximo Viola ya ranta masa feso 300 aka buga kwafi 2,000 a 1887. Na biyun, El Filibusterismo, bugunsa ya tsaya cak a birnin Ghent na Beljiyam a 1891 saboda aljihu ya bushe, har ya jinginar da kayansa, sai da Valentín Ventura ya aiko da kuɗi daga Paris. Ɗalibin da ke ƙasar waje yana ƙirga kwanaki yana jiran aike daga gida, wannan Rizal ne, kuma kai ne. A nan ba ka buƙatar ƙirƙirar kamanni tsakaninku.

To wa ke aiko masa da kuɗin? Ga sunan da nake so ka riƙe fiye da duk sauran: Paciano. Yayansa ne, namiji ɗaya tilo da yake da shi cikin 'yan'uwa, ya girme shi da shekara goma. Paciano ya taɓa zama tare da Fada José Burgos, ɗaya daga cikin limaman coci uku 'yan ƙasa da Sifaniyawa suka shaƙe ranar 17 ga Fabrairu, 1872, kuma wannan kusancin ya ɓata masa suna a wurin hukuma, har ya sa ƙanensa ya yi rajistar makaranta da sunan Rizal maimakon Mercado da aka san gidansu da shi. Paciano ya ajiye karatu ya koma gona. Filin da suke noma rake da shinkafa ma haya ne daga hannun limaman ɗariƙar Dominikan. Daga wannan gonar yake tsakuro kuɗin wata-wata yana aikawa Turai, idan farashin sukari ya faɗi aiken ya makara. Shi ya shirya tafiyar ƙanen a watan Mayun 1882, shi ya ba shi shawarar ya bar Barcelona ya koma Madrid ya ƙarasa likitanci. Da rikicin filin Calamba ya yi zafi aka kori iyalin daga gidansu, Paciano na cikin waɗanda aka kora zuwa tsibirin Mindoro a 1890. A 1896 aka kama shi aka azabtar da shi don ya faɗi abin da za a ɗaure ƙanensa da shi, ya ƙi buɗe baki. Ya rayu har 1930, ya mutu a Los Baños yana manomi. Gumakansa ba su kai ko kusa da na ƙanensa yawa a idon mai yawo cikin ƙasar ba, amma duk shafin da José ya rubuta akwai gumin Paciano a ciki.

Ka ga inda na nufa. Kai ma kana da naka Paciano, yana Kantin Kwari yana auna yadi. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk mai biyan kuɗin makaranta a waje ya san abin da wannan ya yi masa. Ban san cinikin yayanka ba, amma na san yadi nawa ɗan kasuwa zai sayar kafin ribar ta kai kuɗin zango ɗaya, kuma na san akwai abin da ya fasa saya wa iyalinsa don kada a kore ka daga aji.

Tsakanin José da Paciano babu rufa-rufa. Sun ɓoye wa iyayensu tafiyar farko, kuma ban yaba wannan ba, domin tsofaffin sun sha baƙin ciki. Amma mai biyan kuɗin ya san abin da yake biya wa. Wasiƙu na kai-komo tsakaninsu a kan karatu da kuɗi da abin da ke gaba. A cikin duk abin da ka lissafa, wannan ne kaɗai wurin da na yarda Rizal ya fi ka a abin da ke hannunka yau. Harsunan da ya iya, da sassaƙa, da waƙoƙi, baiwa ce, Allah ke raba ta yadda Ya so, ba za a tambaye ka don me ba ka da ita ba. Gaya wa ɗan'uwanka gaskiya kuwa ba ya buƙatar baiwa.

Yanzu maganar guduwa. Ka ɗora wa kanka hukuncin laifin da ba ka aikata ba tukuna. Kana sharar fage, gabanka akwai jarrabawar shiga likitanci da shekara huɗu na karatun kansa. Kuma labarin komawar Rizal gida ya fi yadda ka taƙaita shi sarƙaƙiya. Sau biyu ya koma. Na farko a watan Agustan 1887, ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a Calamba, bayan kimanin wata shida barazana ta yi yawa, danginsa da gwamnan mulkin mallaka suka matsa masa ya fita, kuma ya fita a Fabrairun 1888. Ya ƙara shekara huɗu a waje: Landan, inda ya zauna a ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya yana kwafar wani tsohon littafin tarihin ƙasarsa da hannu, sai Paris, Brussels, Madrid, Ghent, daga ƙarshe Hong Kong. A Hong Kong ya kafa asibitin ido mai ciniki, iyayensa da wasu 'yan'uwansa suka same shi can suka ɗan huta. Har Arewacin Borneo ya je a 1892 yana neman filin da zai kwashe manoman Calamba da aka kora su yi ƙaura gaba ɗaya, gwamnan Sifaniya ya hana. Wato shi kansa gwarzon ya taɓa ganin mafita a barin ƙasa. Ƙwarewarsa a aikin ido ma a waje ya same ta, a hannun Louis de Wecker a Paris da Otto Becker a Heidelberg ta Jamus.

Amma ba zan yi maka daɗin baki ba. Daga ƙarshe ya yanke cewa fagen fama yana gida, ya rubuta wa abokansa cewa magani sai an kai shi kusa da majinyaci. Ya bar wasiƙu biyu a Hong Kong da umarnin a buɗe bayan mutuwarsa, ya sauka Manila a ƙarshen Yunin 1892. Ranar 3 ga Yuli ya kafa ƙungiyar neman gyara ta La Liga Filipina, kwana uku bayan nan aka kama shi. Idan ra'ayina kake nema, ina so ka dawo. Ka san yadda layin marasa lafiya yake a asibitocin gwamnati na Kano tun kafin gari ya waye, ka san tsofaffin da ake ja da sanda a ƙauyukanmu saboda yanar ido, ciwon da aikin da bai kai awa ɗaya ba ke warkarwa. Kuma na ga da yawa da suka ce shekara biyar za su yi su dawo, yara suka shiga makaranta a can, aka ci bashin gida, maganar dawowa ta koma ta fatar baki. Wannan haɗari ne na gaske, kada ka ruɗi kanka. Duk da haka, likitan da ya je Ingila neman ƙwarewa ko neman abin rufin asiri bai ci amanar kowa ba, matuƙar bai yi wa wani alkawarin da ya san ba zai cika ba. Albashin likita a gida da yanayin aikinsa abin dubawa ne, kuma babu mai hakkin ya zage ka don ka duba. Cin amana yana cikin shirun, a bar mutum yana zuba dukiyarsa shekara da shekaru a kan wani hoto da ka san ba shi ne a zuciyarka ba.

Akwai wani yanki na rayuwar Rizal da ɗalibai kan tsallake saboda babu harbi a cikinsa, kuma ni shi na fi ƙauna. Bayan kama shi aka kore shi zuwa Dapitan, wani ƙaramin gari a gaɓar tsibirin Mindanao, daga Yulin 1892 zuwa Yulin 1896. Ka tuna wane ne aka jefa can: mutumin da ya zauna da masana a Berlin, wanda sunansa ke bakin kowa. Rayuwarsa ta sirri kuma a tarwatse take. Leonor Rivera, wadda ya daɗe yana so, an aurar da ita ga wani injiniya Bature a 1891 bayan uwarta ta riƙa tare wasiƙunsu. Ya ɓata da Marcelo del Pilar da wasu abokan gwagwarmaya a Madrid a kan shugabanci. Iyalinsa sun rasa gida, kuma ya san alƙalaminsa na cikin dalilan. Wani da zai zauna ya yi ta ƙunci har wa'adi ya cika.

A wata wasiƙa da ya aika wa amininsa Ferdinand Blumentritt a 1893 ya zayyana yadda yininsa ke tafiya. Ƙarfe biyar na asuba ya tashi, ya zaga shukokinsa, ya ba kaji abinci, ya tashi mutanen gida. Bayan karin kumallo ya duba talakawan da suka zo da ciwo, sannan ya shiga kwalekwalensa ya tafi cikin gari wurin sauran majinyata. Da tsakar rana ya dawo, ya koyar da yara har ƙarfe huɗu, la'asar ya shiga gona, dare ya yi karatu. Yaran ba sa biyan ko kwabo, aikin gona ne ladan karatunsu, kuma yana koya musu lissafi da harsuna har da iyo. Ya gina gida mai kusurwa takwas inda ɗaliban ke kwana. Ya janyo ruwa daga tudu zuwa gari, ya yashe fadamun da ke tara sauro, ya sa fitilun man kwakwa a tituna. Shi da tsohon malaminsa Fada Francisco Sánchez suka zana taswirar Mindanao da ƙasa da ciyawa a gaban coci, tana nan har yau. Yana tara ƙwari da ƙadangaru yana aikawa masana a Dresden, har aka sa wa wani ƙadangare mai tashi da wani kwaɗo da wani buzuzu sunansa. Mai hali ya biya kuɗin magani, marar hali a duba shi kyauta. A can ma ya yi wa mahaifiyarsa aikin ido da hannunsa, ita da makantarta ce ta sa shi zaɓar likitanci tun farko. Tsohuwar ta ƙosa ta kwance bandejin kafin lokaci, idon ya harbu, har ya rubuta wa surukinsa cewa yanzu ya gane dalilin da ake hana likita duba 'yan gidansu.

Wannan ne Rizal ɗin da za ka iya auna kanka da shi ba tare da ka karaya ba. Mutuwarsa ta safiyar 30 ga Disamba, 1896, a filin Bagumbayan na Manila, inda masu mulkin mallaka suka harbe shi, hukuncin wasu ne a kansa. Shekaru huɗun Dapitan kuwa shi ya zaɓi yadda zai cika su. Daga Cebu akwai jirgin ruwa da ke zuwa Dapitan, kuma an adana wurin da ya zauna a Talisay. Idan hutu ya zo, aljihu ya yarda, ka tambayi yanayin hanya wurin 'yan ƙasa, ka je ka gani da idonka yadda wurin yake ƙarami.

Kada kuma ka ɗauka 'yan Filifins sun haɗu a kan cewa ba ya kuskure. Da Andrés Bonifacio da ƙungiyarsa ta Katipunan, mai neman 'yanci da makami, suka aika Pío Valenzuela Dapitan a tsakiyar 1896 don jin ra'ayinsa, ya ce kada a tayar da bore babu makamai babu shiri. Lokacin da boren ya ɓarke a watan Agusta, shi yana kan hanyar tafiya Kyuba ya yi aikin likita a rundunar Sifaniya, a hanya aka kama shi aka dawo da shi. A kurkuku, ranar 15 ga Disamba, ya rubuta takardar da ta yi tir da boren. Masanin tarihi Renato Constantino ya yi amfani da wannan a 1969 ya ce Amurkawa, waɗanda suka karɓi mulkin ƙasar daga Sifaniyawa, su ne suka ɗaukaka Rizal sama da sauran, domin gwarzon da ba ya son ɗaukar makami ya fi yi wa sabon mai mulkin mallaka daɗi. Har yau ana jayayya a kai. Babu ma wata doka da ta ayyana mutum ɗaya a matsayin gwarzon ƙasa. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya ba da sunaye tara a 1995, cikinsu har da Sultan Kudarat na Maguindanao, sarki Musulmi da ya tsaya wa Sifaniyawa a ƙarni na 17. Malamarka ta san duk wannan. Ɗalibin da ya ce "a nan na yarda da shi, a nan na saɓa masa" zai fi burge ta a kan wanda ya cika shafi da kirari.

Sai batun imani, kuma ina so ka kwantar da hankalinka. Son adalci a duk inda ka gan shi alamar lafiyar zuciya ce. Rizal yana yaro ɗan kimanin shekara goma aka kama mahaifiyarsa bisa ƙagen yunƙurin ba wa wata guba, aka sa ta taka kusan kilomita 50 a ƙasa zuwa kurkukun Santa Cruz, ta shafe shekara biyu da rabi a tsare. Wanda ya tashi da wannan tabon ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da zalunci, me zai hana Musulmi ya ji shi a ransa? Ka tuna Muɗ'im ɗan Adiyyu, wanda ya ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mafaka lokacin da ya dawo daga Ɗa'ifa. Bai musulunta ba har ya mutu, amma bayan yaƙin Badar Annabi ya ce da Muɗ'im na raye ya roƙe shi a kan fursunonin, da ya sake masa su. Ka tuna yarjejeniyar Hilful Fudul ta taimakon wanda aka zalunta, da aka ƙulla a Makka kafin annabci, wadda ya yaba bayan zuwan Musulunci. Yaba halin kirki daban, karɓar aƙida daban.

Kuma aƙidarku ta bambanta ƙwarai, ka rubuta haka ba tare da jin kunya ba. Ee, ya shiga ƙungiyar Mason a Sifaniya, kamar yawancin 'yan gwagwarmayar zamaninsa da ke neman inuwar da limaman coci ba su da iko a kanta. Ya tashi cikakken ɗan Katolika, sannan abin da ya gani daga limaman da suka haɗa addini da mulki da mallakar filaye ya nisanta shi da coci. A wasiƙun da suka yi musaya da Fada Pablo Pastells daga Dapitan ya tabbatar da cewa ya yi imani da Allah Mahalicci, amma ya fi dogara da hankali da lamiri da ayoyin da ke cikin halitta a kan abin da coci ke cewa wahayi ne. Kai kuwa ka yi imani da wahayi da Littafi da Manzo, kuma hankali a wurinka bawan wahayi ne mai daraja. Filin da ya saya a Talisay da kuɗin cacar gwamnati da ya ci ya saya, abin da addininka ya haramta maka. Zamansa da Josephine Bracken babu ɗaurin aure, bayan limamin garin ya ƙi ɗaura musu sai ya janye ra'ayoyinsa, shi ma ba tafarkinka ba ne. Ko ya janye ɗin a daren ƙarshe ya koma coci, wannan gardama ce da masana ƙasar ke yi fiye da shekara ɗari. Duk wannan kayan rubutu ne mai kyau. Akwai ma tambayar da zan so ka yi wa kanka a takardar: shi ya ga masu rigar addini suna cin dukiyar talaka ya yi magana, kai idan ka ga irin haka a cikin naka mutanen, me addininka ya umarce ka da yi? Ba sai ka ari amsa daga wurinsa ba, tana cikin abin da aka karantar da kai tun kana allo.

Saboda haka aikin malamarka ba shi da wuyar da ka ɗora masa. Ka fara da kuɗin da ke zuwa daga gida, ka ba da labarin yayye biyu, na Calamba da na Kano. Ka faɗi inda imaninku ya haɗu da inda ya rabu. Maganar dawowa gida ka rubuta ta yadda take, cewa ba ka gama yanke shawara ba kuma tana damunka. Kada ka yi alkawarin mutuwa don ƙasa a takarda saboda maki. Idan kuma ka ga rashin barcin da raina kan sun zarce batun wannan aiki, sun bi ka har cikin sauran darussa da cin abinci, kada ka riƙe shi kai kaɗai a ɗaki. Ka samu mai ba da shawara na makaranta, ko wani babba cikin 'yan Najeriya da ke nan, ko limamin masallacin da kuke Juma'a. Kaɗaicin baƙunta kan sa ƙaramin abu ya yi girma.

Amma kafin ka miƙa takardar, ka kira Yaya. Kada ka aika saƙon murya, kada ka bi ta bakin wani, ka kira shi da kanka. Ka fara da godiya, ka ambaci abin da ka san ya sadaukar. Sannan ka ce masa, "Yaya, akwai abin da ke raina da ban so in ci gaba da ɓoye maka." Ka je masa da tsari a hannu. Duk inda za ka ƙare, shawarata ka fara dawowa ka zauna jarrabawar da hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, MDCN, ke yi wa waɗanda suka yi karatu a waje, ka yi shekarar horon asibiti da hidimar ƙasa idan ta hau kanka, ka samu cikakkiyar rajista a gida. Wannan zai ba ka shekaru kana aiki a gaban idonsa, zai nuna maka asibitocinmu daga ciki, kuma zai bar maka ƙofar dawowa a buɗe idan daga baya ka zauna jarrabawar PLAB, wadda Ingila ke yi wa likitocin da suka yi karatu a wasu ƙasashe, ka tafi. Ka gaya masa shekara nawa kake tunanin yi a waje da fannin da kake son ƙwarewa a kai. Ka gaya masa nauyin da za ka sauke masa da zarar ka fara samu, ko karatun 'ya'yansa, ko na ƙannenku, ko jarin shagon. Ka tambaye shi abin da yake nufi da "ka dawo", domin mai yiwuwa burinsa a ce akwai likita a gidan da zai kula da tsofaffi, mai yiwuwa kuma asibiti yake mafarkin ku buɗe tare. Ba za ka sani ba sai ka tambaya.

Zai iya yin fushi, kuma yana da hakkin ya yi. Idan ya ɗaga murya ka yi shiru ka saurara, kada ka kare kanka a ranar. Idan abin ya ƙi sauka bayan kwanaki, sannan ka nemi kawunku ko wani amininsa da yake jin nauyi ya shiga tsakani. Zai iya cewa ba zai ci gaba da biya a kan wannan sharaɗin ba, kuma gara ka ji haka yanzu da sauran lokacin sake lissafi, da a ce ya ji labarin bizarka a bakin wani bayan shekara shida. Tsakaninku akwai tazarar awa bakwai, don haka ka daidaita kiran da ƙarfe ɗaya na rana a wurinka, lokacin ya idar da sallar asuba bai fita kasuwa ba, hayaniyar ciniki ba ta shiga kansa ba tukuna. Ka rubuto mini yadda kuka yi.